Jika 5 a wata don ƙanwata ta koyi gardama: abin da na gani a ajin muhawara na wani Mushe a Damagaram

Wata huɗu ke nan cif ina cire jika 5 daga cinikin shagona ina biya ma ƙanwata wani ajin koyon muhawara nan cikin Damagaram, kuma tun da aka gama gasar mutane ke tare ni a fada wai kuɗɗin nan sun yi rana ko asara na yi. To ga amsa tun da wuri, sun yi rana, har ma na sake biya, amma akwai abubuwan da suka ɓata min rai kuma ba zan ɓoye su ba don kunyar mai wajen. Sunan wajen da na Mushen, wato malamin ajin, dai ba zan kama ba, wanda ya sani ya sani.

Ranar da na zo da maganar gida Inna dariya ta yi, ta ce yanzu gardama ma sai an biya kuɗɗi an koya, yarinyar da ko kan wanke-wanke sai ta ja da mutum? Ita ƙanwar tawa tana premiyar ne a lise, tun tana ƴar ƙarama take cewa likita za ta zama, dalili kuwa autanmu, zan zo kan wannan. A lekol ɗinsu aka ce za a yi gasar muhawara tsakanin ƴan lise a kan lahiya da aikin likita, abin da ya halatta a yi ma mara lahiya da abin da bai halatta ba, aka kuma kwatanta mata wani tsohon malamin Faransanci da ke horar da yara Asabar da Lahadi bayan la'asar. Ɗaki guda ne cikin wani gida wajen Sabon Gari, benci shida, tabulo ɗaya, yara 14, biyar mata. Ni ke kai ta a moto, shi ya sa sau da yawa nakan zauna bencin baya in saurara maimakon in koma shago in dawo in ƙona mai a banza.

Ni a tunanina muhawara irin tamu ta fada ce, wanda ya fi murya shi ya ci, in ya ga za a kada shi ya rantse da Allah a wuce wajen. Ashe abin da ƙa'ida. Mutum uku nan, uku can, kowa minti 8, a ƙarshe kowane ɓangare a ba shi minti 4 ya naɗe tabarmar magana kuma a nan ba a kawo sabuwar hujja. Minti na farko da na ƙarshe ba mai katse ka, amma tsakaninsu na wancan ɓangaren na iya miƙewa ya nemi jefo tambaya, ka ga dama ka karɓa ka ga dama ka ce ya zauna, sai dai in ka yi ta ƙi alƙalai za su ce tsoro kake ji. Mushe ya ce tsarin gasar ƴan makaranta ta duniya ke nan, maki 40 na abin da ka faɗa, 40 na yadda ka faɗe shi, 20 na dabara. Yana da wata tsohuwar salula mai fasasshen gilashi da ya mayar agogo, na ce ya kawo in canja mishi gilashin kyauta ya ƙi, lokaci na cika sai ya daki tebur da tafin hannu, ranar farko har na zabura. Kuma ba kai ke zaɓen ɓangarenka ba, dala biyar yake jefawa sama, inda ta faɗi nan ka tsaya.

Zaman da ya sa na daina ganin jika 5 da yawa shi ne na allurar rigakafi, ko ya kamata gwamnati ta tilasta ma iyaye. Wani yaro dogo ya miƙe ya ce ai kowa ya sani Turawa so suke su hana mu haihuwa, sauran yara suka fashe da dariya, ni ma na ɗauka Mushe zai tsinka shi. Bai yi ba. Ya ce da masu dariyar, in ba ku san inda tsoron nan ya samo asali ba to ba ku da abin da za ku ce ma mai tsoron, sai zagi, kuma zagi ba shi da maki. Sai ya ba su labarin Kano, 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani Trovan a kan yara wajen 200, rabi aka ba su shi rabi aka ba su wani tsohon magani, yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki kuma cutar ce ta yi kisan ba maganin ba, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Ya ƙara da namu na gida, 1995, da aka yi ma sama da mutum 50,000 allurar sanƙarau ta jabu nan Nijar, allurar da ba maganin a cikinta. Ya ce to wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ya gudu, mahaukaci ne?

Yaron nan har ya fara kumbura ya ga Mushe na bayansa, sai Mushe ya juyo kansa. Ya ce amma kai ma hujjarka ba ta kai inda ka aike ta ba. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya sun tsayar da allurar shan inna saboda irin wannan zargi, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe wajen 20, yaran da suka shanye a wannan tsakanin wa zai biya su ƙafafunsu? Kuma allurar da aka ƙi ɗin ce dai ta sa a watan Agusta 2020 aka ce Afirka ta rabu da shan inna na asali. Haka sabuwar allurar sanƙarau da aka fara a 2010 a Nijar da Mali da Burkina, nau'in A da ke kwashe mutane duk bazara kusan ya ɓace, ko da yake nau'in C ya zo ya yi mana ɓarna a 2015. Abin da ya rubuta a tabulo a ƙarshe shi ne, matsalar Kano ta rashin neman yarda ce, kuma tun 1947 a Nurembag bayan shari'ar likitocin Hitila aka rubuta cewa ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa. Wallahi ni da shekara 31 ban taɓa jin an jera min zancen nan haka ba, kullum ko dai mai cewa ƙarya ne duka ko mai cewa jahilci ne duka.

Sauran batutuwan ba zan tsaya kansu ba. Sun yi na maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka ce kyauta ne tun 2006, alhali duk wanda ya taɓa kai yaro ya san sau nawa ake miƙo mishi ordonans a ce ya tahi farmasi. Sun yi na masu tallan magani a tire da kan keke, a kama su ko a bar su tunda ƙauye ba farmasi. Sun yi na ko likita zai gaya ma mata ciwon mijinta in mijin ya ce a rufe, wannan kam an kusa dambe.

Yanzu ga abin da ban ji daɗinsa ba.

Na ɗaya makara. An ce ƙarfe huɗu da rabi, sau da yawa sai biyar saura Mushe ke isowa, ga magariba na zuwa a tashi, ka ga awa biyun da aka biya ta koma awa ɗaya da ƴan mintoci. Mutumin da ke dukan tebur in yaro ya wuce da daƙiƙa goma fa. Na gaya mishi haka da bakina, ya yi dariya ya ce na ci wannan zagayen, ya gyara sati biyu ya koma gidan jiya. Ɗakin kuma a watan Afrilu da Mayu sai a hankali, banti ɗaya ce, in an ɗauke kuran shi ke nan, ruwan sha ma kowa ya zo da nashi, wannan dai ban ɗora mishi laifi ba, Damagaram ce. Sai kuɗɗin fotokopi da ba a faɗa ba tun farko, yau dala arba'in gobe dala sittin, ba yawansu ba ne, a gaya ma mutum tun ranar rajista mana.

Wanda ya fi damuna shi ne harshe. Na san gasar da Faransanci ake yi, to amma akwai wata yarinya ƴar wajen Mirriya, in aka ce a tattauna da Hausa kafin a fara ita ke kawo hujjar da ta fi ta kowa, da an ce a miƙe da Faransanci sai ta daskare, yara maza biyu masu zaƙin baki su kwashe hujjar tata su ci maki da ita. Mushe na gani, bai taɓa ware mata ko minti goma ba, bayan wata biyu ta daina zuwa. Ni a ganina wanda ya karɓi jika 5 na iyayenta ya ci bashinta. Kuma mara lahiyar da suke ta magana a kansa, wanda ake cewa sai an nemi yardarsa, da wane harshe za a nemi yardar tasa in ba Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ba? Ko zagaye ɗaya a wata ya kamata a yi da Hausa zalla.

Sai babban, wanda ya kusa sa in cire ta. Mushe ba likita ba ne, kuma ranar da aka zo batun emasi, amosanin jini, wanda ƴan Kano ke ce ma sikila, ya yi kuskure. Ya ce in mai AS, wato mai ɗauke da gadon ciwon a jini amma ba ya ciwo, ya auri mai AS, cikin ƴaƴa huɗu ɗaya ne zai zo da SS, wato mai ciwon sosai, ma'ana in ɗayan ya zo sauran ukun sun tsira. Ni ina baya na san ba haka ba ne amma ban san yadda zan faɗa ba. Allah ya sa sati na gaba ya gayyato wata Madam tsohuwar sashfam, ita ce ta gyara a gaban yaran, ta ce kowane ciki lissafinsa daban, kamar dala biyar ɗin nan taka ce Mushe, ba ta tuna inda ta faɗi jiya. Kowane ciki kashi ɗaya cikin huɗu SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya AA, ana iya haifar biyar a jere ba mai ciwo, ana iya haifar uku a jere duka masu ciwo. Ta kuma ce gwajin Emel ɗin da mutane ke yi mai araha nuna wa kawai yake akwai S a jini, ba ya raba AS da SS, sai an yi elektroforez, gwajin da ke tantance nau'in jinin, kuma ban da S akwai wani nau'in da ake ce ma C a yankinmu da mutane ke mantawa da shi. Abin da zan yaba, Mushe ya miƙe ya ce yara ku soke abin da na faɗa muku, ni na yi kuskure. Ba kowane dattijo ke iya wannan gaban ƴaƴan cikinsa ba. Amma da Madam ba ta zo ba fa? Sau biyu kaɗai ta zo cikin wata huɗu, alhali ajin da batunsa duka magani ne ya kamata a ce mai aikin asibiti na leƙowa ko da sau biyu a wata.

Abin da ya sa batun nan ya tsaya min a rai, autanmu SS ne. Shekararsa 11, Inna da Baba auren zumunci ne, mu biyar ne shi kaɗai ya zo da shi. Duk sanyin hunturu mun san abin da ke jiranmu, ƙafa da hannu da baya, kukan da ba ka iya yi mishi komai sai dai ka riƙe shi, kwana asibiti, neman jini, ni kaina sau biyu ana ɗibar nawa ana ba wasu don a samu nashi. To sai ga batun zagayen kusa da na ƙarshe ya hito tun kwana goma kafin ranar: gwamnati ta haramta aure tsakanin AS da AS. Aka jefa kuɗɗi, ƙanwata ta faɗa ɓangaren masu cewa kar a haramta.

A moto ta fara kuka tun kafin mu kai kwanar gida. Ta ce Yaya ni ba zan iya ba, ni da na ga abin da auta ke sha in miƙe in ce a bar mutane su yi ta haifar irinsa? Ni ma raina ya ɓaci, washegari na tahi gidan Mushe ba sallamar kirki, na ce Mushe a canja mata ko a sa wata. Ya ba ni tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya bar ni na gama. Sannan ya ce ɗana, in ta zama likita gobe, saurayi da budurwa za su zauna gabanta da takarda AS da AS su ce sun ji sun gani, korar su za ta yi? Ya ce ban ce ta yarda da ɓangaren ba, cewa na yi ta san shi kamar mai shi. Ban gamsu ba a lokacin, gaskiya, na dai tashi don girmansa.

Kwana goman nan gidanmu ya koma aji. Abin da suka tsaya a kai ita da abokan ɓangarenta shi ne gwaji ya zama dole, kamar yadda jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwaji kafin aure, a zaunar da mutane a gaya musu gaskiya da harshen da suke ji, amma yanke hukunci a bar musu. Hujjarsu kuwa daga ƙasa suka ɗauko ta, aurenmu a ƙofar gida da masallaci ake ɗaura shi ba a meri ba, wa zai bi ƙauye-ƙauye yana duba takarda, kuma ranar da takarda ta zama ita ke hana aure ranar za a fara sayar da ta jabu, mai kuɗɗi ya saya talaka a kama shi. Sai kuma tambarin da za a buga ma ƴan mata, don a garin nan in aka ce wance jininta ba kyau ba mai tsayawa tambayar AS ce ko SS, ta kawo misalin Kara-Kara da aka ware ma kutare tun da can, yau ana warkar da kuturta da ƙwayoyi amma sunan unguwar bai warke ba a bakin mutane.

Ta so ta buɗe jawabinta da labarin auta. Mushe ya hana, ya ce ciwon nashi ne ba naki ba, kin tambaye shi? Wata huɗu muna cewa sirrin mara lahiya, ashe in na gida ne ba sirri? Ta dawo ta durƙusa gaban yaro ɗan shekara 11 tana neman izini, shi kuma ɗan banzan wayo ya ce ya yarda amma kar ta faɗi sunansa, kuma a ba shi dala ashirin. Ni na biya.

Ranar gasa zauren ya cika, har Inna ta zo da mayafinta na biki ta zauna ba ta jin ko kalma ɗaya, ni ke raɗa mata. Na biyu a wancan ɓangaren, wani siririn yaro mai sanyin murya, ya miƙe cikin mintin ƙanwata na huɗu ya jefo tambayar da har yau take min yawo a kai, ya ce kin ce a bar ma mutum biyu zaɓi, na ukun da zai sha ciwon wa ya tambaye shi? Zauren ya yi tsit. Da ƙanwata ta da ce da ta hau shi da faɗa. Sai ta ce gaskiyarka, ba a tambaye shi ba, kuma ba ni da amsar da za ta share wannan, ina da ƙane mai SS na san abin da kake nufi fiye da yadda kake zato, amma dokarku da ta hana shi zuwa ni ma da ta hana ni, da yayyena uku, mu ma ba a tambaye mu ba. Na fassara ma Inna, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ba su ci ba. Alƙalai uku, biyu suka ba wancan ɓangaren, kuma ban ce an yi zalunci ba, mai magana na uku a ɓangaren su ƙanwata ya ruɗe ya ƙare magana tun minti biyar bai cika ba, wanda ni a ganina da ana fara aji kan lokaci da yaron nan ya samu zagayen gwaji fiye da wanda ya samu. Wannan ma na gaya ma Mushe.

Wanda zai kai ɗansa, ya tambayi kuɗɗin fotokopi tun farko, ya tambaya ko mai aikin asibiti na zuwa, in kuma Faransancin yaron bai zauna ba ya yi magana da Mushe ƙeƙe-da-ƙeƙe kafin ya biya, kar a bar shi bencin baya kamar ƴar Mirriya. Kuma ya shirya, yaron zai dawo gida da tambayoyi. Mu dai a hanyar komawa, Inna ta hau kabu-kabu ta yi gaba, ƙanwata na bayana a moto ta ce Yaya, kai da za a kai kuɗɗin gaisuwarka bayan salla, ka yi elektroforez ɗin kuwa? Na ce ke dai riƙe da kyau akwai rami. Ta ce wannan ba amsa ba ce, Mushe ya ce in mutum ya kauce ma tambaya a sake yi mishi ita. Litinin da ta wuce na je aka ɗibi jinin, an ce in koma Alhamis, ita kuma wadda zan aura ban gaya mata ba tukuna.